Sabo Ta Badun, Unguwar Baƙin Da Suka Haura Shekara Ɗari

Duk wanda mota ta sauke shi a Mokola, a tsakiyar birnin Badun, ya ɗan taka kaɗan, sai ya ji kunnensa ya koma Arewa. Hausa ce ke tashi ko'ina, daga teburin mai shayi har zuwa bencin 'yan canji waɗanda ke tare motoci suna tambayar ko akwai dala. Wannan ita ce Sabo, unguwar Hausawa, wadda aka kafa a 1916.

Shi kansa Badun garin baƙi ne. Wajen 1829 mayaƙa da 'yan gudun hijira daga Oyo da Ife da Ijabu suka yi sansani a kan tuddansa, sansanin ya zama birni. Jirgin ƙasa ya iso shi daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma tun daga nan fataken Arewa suka ƙara yawa. Da fari a cikin gari suke sauka, a gidajen Yarbawa. Da aka fara ƙorafin cewa ɓarayi na fakewa a cikinsu, sai aka yanka musu fili a bayan gari, aka ɗora wa sarkinsu alhakin sanin kowane baƙo. Yau garin ya haɗiye filin nan, ya wuce shi da nisa.

Shanu da goro su ne suka riƙe unguwar. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi, domin ƙudan tsando na sa mata sammore, saboda haka tilas a sayar da ita da wuri. Mahautan Badun kuwa ba su da kuɗi a hannu, sai bashi. To, yaya mutumin da ya koro garke daga Sakkwato zai ba da dukiyarsa bashi ga wanda bai taɓa gani ba, wanda ko harshensa ba ya ji? A nan ne maigida ke shigowa. Shi ke saukar da falke, ya ci da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalinsa, sa'an nan ya tsaya wa bashin. In mahauci ya ci amana, maigida ne zai biya, kuma duk Sabo za ta daina sayar wa mahaucin nan. Goro ma haka, sai dai shi Arewa yake nufa. A saye shi a ƙauyukan Yarbawa, a jera shi cikin ganye a ɗaure huhu, a tura shi kafin ya lalace. Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafi a kanta a 1969, inda ya nuna cewa riƙon al'adar da mutanen Sabo suka yi jarin kasuwanci ne, domin amana ba ta tafiya sai tsakanin waɗanda suka san asirin juna. A farkon shekarun 1950 ma suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka tsayar da Juma'arsu dabam da ta babban masallacin gari.

Wancan zamani ne na falke mai jari. Masu zuwa daga baya yawancinsu ƙarfinsu kaɗai suka kawo. Da ma akwai cin rani, watau samari su bar ƙauye bayan girbi su koma da faɗuwar damina. Farin da aka yi a 1972 zuwa 1974 ya sa da yawa suka zo ba su koma ba. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, sa'an nan ta'asar 'yan bindiga ta hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa, shi ne mai dako a kasuwar Bodija, shi ne ɗan acaba, shi ne mai gyaran takalmi mai yawo da akwati. Sabo ta cika ta batse, jama'a suka bazu zuwa Ojoo da Shasha da karar shanu ta Akinyele.

A Shasha ɗin ne aka ga abin da ke iya faruwa. A watan Fabrairu na 2021 'yar gardama a kasuwa ta zama faɗan ƙabila, aka yi asarar rayuka, aka ƙona rumfuna da gidaje, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar. 'Yan kwanaki bayan haka ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Tumatur ya yi tsada a Ikko da Badun, a Arewa kuwa ya yi kwantai a hannun manoma. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Abin da ya fi ci wa 'yan Sabo tuwo a ƙwarya shi ne takardar shaidar asali. Yaron da aka haifi kakansa a unguwar, wanda Yarbanci ya zauna a bakinsa kamar Hausa, in ya nemi aikin gwamnati ko gurbin karatu sai a tambaye shi takardar ƙaramar hukumarsa ta asali. A Oyo ana ganinsa baƙo. A Kano ko Katsina kuwa, sau da yawa ba wanda ya tuna gidansu. Tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so, amma rabon muƙamai da asalin iyaye yake tafiya, ba da inda mutum ke biyan haraji ba. Wannan kuwa rashin adalci ne da ya shafi Inyamurin Sabon Garin Kano kamar yadda ya shafi Bahaushen Badun.

Ga kuma batun ƙidaya. A 1963 an ce mutanen Nijeriya miliyan 55 ne da 'yan kai, a 2006 aka samu miliyan 140. An shirya wata a 2023, aka ɗage ta. Ita ma ta 2006 ba ta tambayi kowa ƙabilarsa ko addininsa ba, don gudun rigima. Saboda haka hukumar da za ta gina makaranta ko asibiti a Shasha da kintace take aiki, alhali kullum dare manyan motoci na sauke albasa da tattasai, da samari zaune a kan buhunan.