Ranar da ɗana ya cire wa motata iska

Shekara 14 ke nan ina tare da tsohuwar Hilux ɗina mai shan gas. Da ita nake ɗauko doya da masara daga Techiman zuwa Kumasi, a bayanta aka samu kuɗin makarantar yara. Na san kukanta kamar yadda na san tarin uwargida.

Wata Laraba na ji tana shaƙewa a hawa, na san filtar mai ce ta cika da datti. Na sayo sabuwa a Suame, amma rowa ta hana ni ba makaniki kuɗin aiki. Na ce abin da ake kwancewa da hannu, me zai gagare ni? A ƙofar gida, nan Aboabo, na cire tsohuwar na ɗaura sabuwar, na wanke hannu ina jin kaina gwani.

Da asuba na murza makulli. Ta kama, ta ɗan yi ruri, ta mutu. Na sake, na sake, har batir ya fara nishi. Maƙwabta suka tura ni har bakin masallaci, shiru. Wani ya ce ai babban famfon mai ne ya tafi, kuɗinsa kuwa zai cinye rabin jarina. Ga shi na riga na ba da kafin alƙalami na doya a Techiman, kusan kilomita 120, in ban iso da hantsi ba a sayar wa wani.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ka kira yaron nan mana."

Yaron nan shi ne ɗana na fari. Shekara biyu da suka wuce ya bar mini rumfa ya tafi koyon gyaran mota. Na ce masa jikan fatake ba ya kwanciya a ƙarƙashin motar wani. Tun daga nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa. Na daɗe riƙe da waya kafin na danna.

Ya zo da sufana uku a aljihu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, me aka taɓa na ƙarshe?"

Na ce filta. Bai yi dariya ba. Ya ce motar da ta kwana lafiya ta ƙi tashi bayan gyara, inda hannu ya taɓa ake fara dubawa. Ya kwance filtar, sai ga tsohuwar robar zobe manne a sama, na ɗora sabuwa a kanta. Ta tsakaninsu iska ke shiga. Kuma na ɗaura filtar a bushe, babu mai a ciki. Injin gas, in ji shi, da matsi yake tura mai, iska kuwa matsuwa take yi, don haka ko ɗigo ba ya isa nozul. Ɗan rurin da ta yi, ragowar man cikin famfo ne.

Ya cire tsohuwar robar, ya mayar da filta, ya yi ta danna ɗan famfon hannu da ke kanta har ya yi tauri. Ya sassauta notin bututun nozul biyu, muka jona batirin maƙwabci. Ya ce, "Baba, ku jira fitilar hita ta mutu, ku murza, kada ya wuce daƙiƙa goma, sitata na ƙonewa." Kumfa ta fito, ta sake fitowa, sai ga mai tsantsa. Ya ɗaure notin. Na murza, ta yi tari biyu, ta watso baƙin hayaƙi, ta tashi.

Sai bayan azahar na isa Techiman. An sayar da rabin doyar, na hakura da abin da ya rage. Amma ba ni kaɗai na je ba. Na ce ya shigo ko za ta sake mutuwa a hanya, alhali mu duka mun san ba za ta mutu ba. Wajen Offinso na tambaye shi saura wata nawa ubangidansa ya yaye shi, da kuɗin akwatin kayan aiki. Ya faɗa mini yana kallon titi. Na ce to, in doya ta yi kasuwa, shi za mu fara saya.