Girafin da Lasifikar Darki

A Darki ta ƙasar Wudil, lasifikar masallaci da ta masu talla a kasuwa kan dogara da batir ko sola, don haka wuta abar tattali ce. Sauti na fitowa ne daga fatar da ke kaɗawa cikin lasifika, tamkar ta kalangu, kuma fata mai nauyi ta fi wuyar kaɗawa. Girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin zarra guda da aka ware a Jami'ar Manchesta a 2004, ya haɗa ƙarfi da rashin nauyi. A 2013 masana a Berkeley ta Amurka suka ƙera lasifikar kunne da shi. Sai dai samar da faffaɗar fatarsa cikin rahusa, wadda ladani zai amfana da ita, shi ne jan aikin da ya rage.