Kirinjijiya a Madatsar Shagari

Kafin ido ya kai gare ta, fitonta kunne ke fara tsinta, siriri, sau uku a jere. Kirinjijiya ke nan, a bakin madatsar ruwan Shagari ta Sakkwato da sanyin safiyar hunturu. Fuska fara fat, ƙeya baƙa, ƙirji jaja-jaja, gefen jiki kuma da siraran zane. Tana cikin iyo sai ta nutse, ruwa ya rufe ruf, ka zuba ido inda kake tsammanin za ta ɓullo, sai ga ta can gaba tana kaɗa kai. Abin da nake gani na rayuwarta ɗan kaɗan ne, don yawancin kiwonta da dare take yi. Sai na tuna mutanen da muke zaune da su shekara da shekaru. Mun san fuska, mun san murya, amma inda suke nutsewa su samo abin da ke riƙe da su, ba mu taɓa leƙawa ba. Wataƙila hakan ya fi, Allah masani. Ita kuwa kirinjijiya, irinta sak akwai a fadamun Birazil da Ajantina, alhali tekun Atlantika na tsakaninsu da Sakkwato.