Abin Da Dutsen Niƙa Ya Rufe

Yau ku yi mini haƙuri da ci gaban labari, wata magana ce ta tokare ni.

Mutanen ƙasar Meziko suna da waƙoƙin gargajiya masu ba da labari da suke kira korido, kuma cin amana shi ne gishirinsu. Akwai waɗanda aka yi wa Emiliano Zapata, jagoran manoma, wanda wani hafsan soja ya nuna kamar zai koma ɓangarensa, ya gayyace shi Chinameca a 1919, yana shiga ƙofa aka buɗe masa wuta. Suna kuma da labarin La Llorona, wato mai kuka, matar da miji ya yaudara har baƙin ciki ya sa ta nutsar da 'ya'yanta a kogi. Wannan na biyun shi ya hana ni barci. Laifin uba, wuƙa a wuyan ɗiya!

Mu ma Gobirawa muna da namu. Duk wanda ya tashi tsakanin Isa da Sabon Birni ya ji zancen Yunfa da Shehu Usmanu, yadda aka fara da mutunci aka ƙare da yaƙi, har aka ci Alƙalawa a 1808, Yunfa ya rasa ransa. Yadda za a ba ka labarin ya danganta da zauren da ka zauna. Narambaɗa kuwa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, bai bar munafukan ubangidansa sun sha ruwa ba. Amma duk wannan na maza ne, a bainar jama'a, da kotso.

Na mata a kan dutsen niƙa yake. Ina shekara shida mahaifinmu ya tafi ci-rani Kurmi, ya yi aure can, ko saƙon goro bai ƙara aikowa ba. Inna ba ta taɓa ambatonsa da mugun baki a gabanmu ba. In mun tambaya sai ta ce hanya ce da nisa. Amma kullum da asuba in ta durƙusa niƙa, akwai waƙar da take yi a kan wata ƙwarya da aka ara aka tafi kasuwa da ita, mai ƙwarya tana ta duban hanya. Mu a zatonmu zancen ƙwarya ne. Har amshi muke yi mata muna tafi, ita kuma tana share fuska da gefen zani wai zufa ce. Sai da na yi aure na haihu sannan na gane wace ce ƙwaryar.

Mu marubuta ba mu iya wannan ba. In miji ya ci amana a littafina, sai na cika shafi goma da kuka da Allah ya isa, yara na tsaye suna kallo. A 2007 har ƙona littattafanmu aka yi a Kano wai muna ɓata tarbiyya. Ban yarda da ƙonawar ba, amma nakan tambayi kaina ko akwai jarumata ɗaya da ta kai Inna iya riƙe baki.

Yanzu kuma wata amanar ce ake ci a ƙasarmu. Tun 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga, kuma kowa ya san ba sa shiga gari sai da ɗan gari. Wata 'yar'uwarmu tana can da yara uku. Maƙwabcin da ya nuna gidansu shi ne mai saya wa autanta alewa ranar kasuwa. Yaron yakan tambayi babansa, ya kuma tambayi Kawu mai alewa. Ta ce masa duka biyun sun tafi ci-rani. Na tambaye ta ko tana waƙa, ta ce: "Yaya, a kan wane dutse? Nan inji ake kai wa."