Layi guda da ya sa muka bi gida-gida ba da haƙuri

Mu matasa ne masu koyon Python a nan Maradi, kuma satin da ya wuce mun sha kunya.

Mun rubuta wani ɗan shiri, tuni.py, mai aika SMS ga matan adashen unguwarmu ranar zubi. A cikinsa akwai lissafin kuɗin kowa. Da muka zo haɗa rahoton wata, sai muka ce ba sai mun sake rubuta lissafin ba, bari mu jawo shi da import tuni. Muna dannawa, saƙon "ki kawo zubi" ya faɗa wayar kowa, har waɗanda suka riga suka biya. Uwar adashe ta kira mu: "Ƴaƴana, so kuke a ce na ci kuɗin mutane?"

Ashe in ka yi import, Python na bin fishiyen daga sama har ƙasa, yana aiwatar da duk umarnin da ke fili, wanda ba a sa cikin def ba. Namu umarnin aikawa a fili yake.

Ga maganin. Kowane fishiye na da __name__. In kai tsaye ka tada shi, Python na sa masa "__main__". In jawo shi aka yi, sunansa yake ɗauka, wato "tuni". Sai muka maida aikawar ƙarƙashin wannan layi:

if __name__ == "__main__":

Yanzu rahoto na ɗaukar lissafi, saƙo ba ya fita. Kredi dai ya tafi, amma Hajiya ta yafe. Ku duba naku kafin ku jawo shi.