Kafin Ka Zaɓi Mai Ba Shagonka Wuta, Ka San Yunit Nawa Kake Sha

Yau maganar wutar lantarki zan kawo muku, domin duk mai gyaran waya ya san ita ce jarinsa na farko. In babu wuta, bulowa ba za ta hura ba, ƙarfen soda ba zai yi zafi ba, kwamfutar filashin kuma ta zama ado. Mai waya yana tsaye a kanka, kai kuma ka buɗe masa ita kana jiran a kawo wuta.

Akwai wuraren da mai shago yake zaɓar kamfanin da zai sayar masa da wuta kamar yadda muke zaɓar layin waya. Jihar Texas ta Amurka na cikinsu. Tun watan Janairun 2002 aka buɗe kasuwar a yawancin jihar, har hukuma ta buɗe shafin intanet mai suna Power to Choose inda ake kwatanta farashi. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda aka raba aikin. Kamfanin da ke da turaku da wayoyi daban yake, misali CenterPoint a Houston ko Oncor a Dallas. Kamfanin da ke sayar maka da wutar ya turo maka bil shi ma daban. In ka sauya mai sayarwa, waya ɗaya ce dai za ta ci gaba da shigo maka da wuta. Abin da ya sauya shi ne farashi da sharuɗɗa.

To a sharuɗɗan nan ne mutane suke faɗawa rami. Akwai tsarin da za a tsayar maka da farashi na shekara ɗaya ko biyu, amma in ka fita kafin wa'adi ka biya tara. Akwai wanda farashinsa ke hawa da sauka duk wata. Akwai kuma wanda ke bin farashin sari kai tsaye. Wani kamfani mai suna Griddy irin na ƙarshen nan yake sayarwa: ka biya dala 9.99 a wata, sannan ka sha wuta a farashin sari. A ranakun da kasuwa ke kwance, araha ce ta gaske. Sai ga watan Fabrairun 2021, aka yi wani mugun sanyi, tashoshin wuta da dama suka tsaya, farashin sari ya kai dala 9 a kan kowane yunit, ya yi kwanaki a haka. Mutane suka ga bil na dubban daloli a cikin mako guda. A watan Maris kamfanin ya karye, a shekarar kuma jihar ta hana sayar wa gidaje da ƙananan 'yan kasuwa irin wannan tsari. Araha ba ta ado kenan.

Za ka ce mu ina ruwanmu, tunda a Najeriya ba a zaɓar kamfani? Gaskiya ne, tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta 11 a 2013, kowa na hannun na yankinsa ne. Mu na Kano, Jigawa da Katsina KEDCO ne namu. Amma abubuwa sun fara motsi. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, wasu kamar Enugu har sun karɓi ragamar. Sannan ko yanzu, mai shago a kasuwa zaɓi uku ne a gabansa: wutar kamfani, layin mai janareta da ke sayarwa shago-shago, da kuma sola. Zaɓen mai sayar da wuta ne wannan, sai dai ba a ba mu takardar sharuɗɗa.

Ga yadda ni nake yi. Da farko na lissafa abin da teburina ke sha. Bulowa wat 700 ce, amma in an haɗa duk kunnawar yini ba ta wuce awa biyu, yunit 1.4 kenan. Ƙarfen soda wat 60 na awa takwas, kusan rabin yunit. Fanka, ƙwan fitila biyu, laftof da cajoji sun ci wajen yunit ɗaya da rabi. Jimilla wajen yunit uku da rabi a yini. Lissafin ba wuya: wat sau awa, ka raba da 1,000. Adadin wat ɗin yana rubuce a jikin kowace na'ura, kalkuletar wayarka ta ishe ka.

Da wannan lamba a hannu, duk wanda ya kawo mini farashi sai in mayar da shi kuɗin yunit ɗaya. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin 'yan Band A zuwa naira 225 a yunit, daga baya aka ɗan rage. Ko a kan 225 ɗin, yinina bai kai naira 800 ba. Mai janareta kuwa in ya ce dubu ɗaya a yini, yunit ɗina ya haura naira 280, kuma ko ban kunna komai ba sai na biya. Amma fa farashi rabin magana ne. Band A alƙawarin awa 20 ne a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Tambayar ita ce, awannin nan suna faɗowa a lokacin da shago ke buɗe? Wutar da aka kawo ƙarfe biyun dare ba ta gyara wayar kowa.

Sai tambayoyin da nake yi wa duk mai son ya ba ni wuta, kuma ina so a amsa a gaban shaida ko a rubuta mini ta WhatsApp. Daga ƙarfe nawa zuwa nawa? In man fetur ko gas ya tashi, kwana nawa za a sanar da ni kafin ƙari? Ranar da injin ya lalace, ana cire mini kuɗin ranar? In wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona mini kaya, wa zai biya? In ina son fita, akwai kuɗin da za a riƙe? Wani mai janareta da muka yi hulɗa da shi ya ƙara kuɗi sau biyu a wata ɗaya, wutarsa kuma in masu firij sun kunna sai ta yi ƙasa har bulowa ta kasa narkar da dalma. Aikin minti ashirin ya koma awa guda, ga fargabar lalata wa mutum bod ɗin waya. Wannan asarar ba ta fitowa a lissafin yunit, amma daga aljihuna take fita.

Masu sola na biya-kaɗan-kaɗan su ma a tambaye su: wat nawa inbatar ke ɗauka a lokaci guda, batirin wane iri ne, garantinsa shekara nawa, kuma in ka makara da biya me zai faru? Ƙaramar sola ta ishi mai cajin waya, amma bulowa na iya kashe ta nan take.

Duk wanda ke shirin buɗe shago, ko mai POS ne ko mai caji ko ɗan'uwana mai gyara, ya ɗauki minti goma yau ya rubuta wat ɗin kayansa da awannin da suke aiki. Da wannan takardar za ka shiga ciniki, kuma ranar da gasar kamfanoni ta iso jiharku, ita ce za ta nuna maka tayin da ya dace da shagonka. Allah Ya sa wa sana'armu albarka.