Da La'asar Ake Zaɓen Mai Nama



Maganar nama muka zo da ita yau. Kowa a cikinmu yana da mai namansa, wanda zai iya rantsuwa babu kamarsa a gari. In ka tambaye shi dalili kuwa, amsar ba ta wuce "ai nasa da daɗi" ba. To amma daɗi iri biyu ne. Akwai wanda dunƙule da barkono suke kawowa, wanda ko kwali aka barbaɗa wa sai ya ciwu. Akwai kuma daɗin naman kansa, shi ne wanda muke biyan kuɗi dominsa, kuma shi ne aka fi cutar mu a kansa.

Mu bakwai ne, abokai tun muna poli, duk a nan Kano. Ɗaya yana koyarwa a firamare mai zaman kanta, biyu suna gyaran waya, ɗaya yana zaune a rumfar POS, sauran muna ta buga-buga. Duk ƙarshen wata mukan yi karo-karo mu ci nama tare. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, nama ya zama baƙo a gidaje da yawa, namu ma haka. Don haka daren nan guda ɗaya yana da tsada a wurinmu. In ya lalace, sai mun jira wani watan. In kuma da baƙo muka je, wani abokin rubutu daga Katsina ko Damagaram, to har da mutuncinmu a cikin takardar da za a naɗo. Wannan ne ya sa muka mayar da zaɓen mai nama aiki, kuma abin da muka koya a shekarun nan shi muke so mu baje muku.

Babban abin da muka gane shi ne dare abokin mai kwantai ne. Ƙwan lantarki mai launin ruwan ɗorawa yana mayar da kowane nama ja, hayaƙi yana rufe wari, yaji yana rufe sauran. Ga yunwa kuma tana hana mutum bincike. Saboda haka idan za mu gwada sabon wuri, tun bayan sallar La'asar ɗayanmu yake zuwa, lokacin da ake yanyanka nama ana soka shi a tsinke. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta. A hasken rana za ka ga launin tsokar: naman sa na yau ja ne mai haske, kitsensa fari ko da ɗan rawaya kaɗan, in aka danna shi da yatsa sai ya taso ya koma yadda yake. Wanda ya kwana a zafi yakan yi duhu, ya yi yauƙi a hannu, hanci ma ba ya ɓoye maka. A lokacin ne kuma za ka ga ko akwai wani tarin tsire a gefe da ya riga ya sha wuta jiya, gefensa ya bushe, ƙulinsa ya yi baƙi, ana shafa masa mai don ya farfaɗo. In dare ya yi aka gauraya shi da sabo, sai mai ido sosai ne zai raba su.

Bayan gani sai tambaya. Mukan ce, "Malam, daga ina naman?" Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Zai ce maka daga Abbatuwa ya ɗauko da safe, ko ya faɗi mahaucin da ya yanka, wani ma har ya ba ka labarin ragon da ya sayo a kasuwar Wudil. Amfanin mayankar hukuma shi ne akwai ma'aikatan lafiyar dabbobi da aikinsu shi ne duba dabba da kayan cikinta, musamman huhu da hanta, inda tarin fuka da tsutsar hanta suke bayyana. Tun kafin zuwan likitocin ma, ƙasar Hausa tana da Sarkin Fawa, wanda mahauta suke ƙarƙashinsa, kuma a kansa alhakin abin da aka yanka yake. Wato dai tun asali fawa sana'a ce da ake sanin wanda za a kama in an sami matsala. Mai naman da ya kasa faɗin inda ya samo kayansa ya fita daga wannan tsari. Idan kuma farashinsa ya yi ƙasa da na kowa a layin, sai mu ƙara ja da baya, domin akwai saniyar da sai da ta kwanta ciwo aka yi saurin sa mata wuƙa, kuma irin wannan naman ne yake zuwa da araha.

Sai kuma dacewar nama da irin gashin da za a yi masa. Tsire yana son tsoka zalla, irin ta cinya, wadda aka cire wa jijiya, aka yanka da faɗi ba kauri, domin minti kaɗan zai yi a gaban wuta. In da jijiya a ciki, sai ka yi ta tauna har muƙamuƙi ya gaji. Balangu kuwa mai kitse yake so: awazar rago, ƙirji, ko tozo in na sa ne. Shi a hankali ake gasa shi a kan raga, a rufe shi da takarda, kitsen ya narke ya ratsa tsokar, tururin ya tausasa ta. Mai naman da ya san aikinsa zai tambaye ka me kake so kafin ya ɗauki wuƙa. In ka ce hanta, ya san ba ta son daɗewa a wuta don takan bushe ta yi gari. In ka ce ƙoda ko zuciya, ya san inda ya ajiye su daban.

Wutar ma abin kallo ce. Garwashi ne yake gasa nama. Harshen wuta ƙona baya kawai yake yi ya bar ciki ɗanye. Shi ya sa tsofaffin masu tsire suke kafa tsinkaye a jikin tukuba, su kewaye wutar da su, zafi yana dukan naman daga gefe, man da yake ɗiga ba ya faɗa wa garwashi balle ya tayar da wuta. Mukan kuma lura da abin da aka hura wutar da shi. Wanda ya tayar da ita da kananzir ko leda, ya ɗora nama tun hayaƙin bai wuce ba, za ka ji shi a harshenka har washegari.

Wasunku za su ce to ina batun manyan gidajen cin nama irin na Turawa, waɗanda suke cike a Abuja da Legas, a Kano ma akwai su? Nasu tsarin daban ne, kuma yana da kyau mu san shi. Su yanki guda mai kauri suke gasawa, a kawo maka shi a faranti da wuƙa da cokali mai yatsu. Mu muna alfahari da yankan yau, su kuwa manyan gidajensu a Amurka da Ingila sukan ajiye naman a ɗakin sanyi sati uku ko huɗu kafin a gasa. Dalili shi ne tsoka takan sandare 'yan sa'o'i bayan yanka, daga baya sinadaran da ke cikinta su riƙa sassauta ta a hankali. Mu da ba mu gaji ɗakin sanyi ba, sai mahautanmu suka magance taurin da siririn yanka da kuma gashin haƙuri. A can za a tambaye ka yadda kake son ya gasu. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da shawarar cikin irin wannan yanki ya kai zafin digiri 63 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi ya huta minti 3, niƙaƙƙen nama kuwa sai ya kai 71. Bambancin ya zo ne saboda ƙwayoyin cuta a bayan yankin suke zama, wuta tana kashe su, amma in an niƙa sun shiga ko'ina.

A irin waɗannan gidaje tambayoyinmu biyu ne. Na farko, wa ya yanka, kuma me da me ake ɗorawa a kan ragar da za a gasa mana? Na biyu, yaya suke yi in an ɗauke wuta? Duk tsarin nasu a kan firji ya dogara, kuma mun san halin lantarkinmu. Akwai ranar da maigidan ɗayanmu ya gayyace mu wani irin wannan wuri, ga sanyin na'ura, ga ma'aikata da farar riga. Da aka kawo naman, bayansa ya yi kyau, tsakiyarsa kuwa sanyi ƙalau, alamar daga ƙanƙara aka ɗauko shi aka jefa a wuta. Kuɗin faranti ɗaya a wurin ya kusa abin da mu bakwai muke haɗawa. Tun daga ranar muka ƙara tabbatar da cewa kujera da labule ba sa gaya maka komai game da abin da ke cikin kicin.

Mu dawo bakin tukuba. Al'adar ɗanɗano da masu nama suke yi babbar dama ce, sai dai yawancinmu muna ɓata ta, muna bari a dangwala mana a yaji. Mu kan ce a ba mu haka nan. Naman kirki da gishiri kaɗai ma yana da abin faɗa. Bayan nan sai mu lasa yajin shi kaɗai. Mai kyau za ka ji ƙamshin ƙuli sabo, ka ji citta da kanumfari da masoro kowanne a matsayinsa. In ka ji ɗaci ko warin tsohon mai, ƙulin ya tsufa, ko kuma da ruɓaɓɓiyar gyaɗa aka yi shi, ita kuwa gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai illa ga hanta. In kuma ka ji laɓu-laɓu babu ƙamshi, an ƙara shi da gari don ya yi auki.

Akwai ƙananan abubuwa da suke kwantar da mutum asibiti alhali naman lafiyarsa lau. Wuƙar da aka yanka ɗanye da ita, in ita ce za a yanka gasasshe da albasa da tumatir da kabeji ba tare da an wanke ba, an mayar da aikin wutar banza. Hannun da ya karɓi kuɗi shi ne zai damƙi yaji. Tsohuwar jarida kuma tawadarta takan like a jikin nama mai maiƙo, shi ya sa muke zuwa da mazubinmu in za mu tafi da shi gida. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2, domin ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. A Kano kuwa zafin watan Afrilu yakan haura 40. Don haka mun fi son mu ci a wurin da zafinsa, in kuma za a yi ɗumame, a yi shi har ciki.

Duk waɗannan alamu a wurin mutum ɗaya suke taruwa, wato shi mai naman. Wanda muka tsaya a kansa yanzu wani dattijo ne mai balangu a wani lungu, ba shi da allo, benci biyu ne kawai a gabansa. Abin da ya ja mu wurinsa shi ne mun ga mahautan unguwar a can suke saye, da dattawan layin da suka san shi shekara da shekaru. Jerin motoci a ƙofar mai nama yana iya zama yayi, amma maƙwabci ba ya komawa inda aka taɓa cutarsa. Wata rana mun je masa da baƙi biyu, muka ce awazar rago muke so. Sai ya ce, "Samari, yau ban sami ragon da ya kwanta mini ba, na sa ne kawai. In rago kuke so, ku bari sai gobe."

Muka ce, "Baba, ga shi can muna hangen wani a rufe."

Ya ce, "Na jiya ne, na gidana ne. Ba zan ba baƙonku ba."

Muka ci na san, ya ƙara mana gyara, baƙinmu suka tafi suna sa albarka. Wajen ƙarfe goma ya fara kakkaɓe raga, don daidai abin da zai ƙare yake saye. Mutumin da zai iya cewa "ya ƙare" alhali ga kuɗi a hannunka, ya cancanci ka riƙe shi.

Sana'ar nan da sunanmu take yawo. A Legas mai suya ake cewa, a Gana cicinga, a Kamaru soya, a Sudan agashe, kuma duk inda ka bi sawunta sai ka tarar da Bahaushe a gindin wutar. Idan muka saba da karɓar duk abin da aka naɗo mana ba tambaya, mai kwantai ne zai ci riba, irin su Baba kuma su rasa dalilin ci gaba da wahalar da suke yi. Saboda haka kafin ku kai baƙonku na gaba cin nama, ku ɗan ɓata rabin awa bayan La'asar, ku je ku gaisa da mai wurin, ku kalli teburinsa da wuƙarsa da wutarsa, ku tambaye shi daga ina.

Allah Ya hore mana na saye, Ya ba mu lafiyar ci. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.